Hoto ya nuna ƙuraje a ma'ajiyar ƙwaina, ƙwayayen nawa sun ƙare ke nan?

Tambayar ta zo ne daga wata 'yar'uwa da ke zaune a Agege, ga ta a taƙaice: "Likita, shekarata 26, aurena shekara biyu da rabi, ban taɓa samun ciki ba. Al'adata takan yi kwana 45, wani sa'in har wata biyu, kafin ta zo. Sau da yawa sai in ɗauka ɓatan wata na yi, in gwada in ga babu komai. Na je an yi mini hoton ciki, mai hoton ya ce akwai ƙananan ƙuraje da yawa a ma'ajiyar ƙwaina duka biyu. Wata maƙwabciyarmu ta ce ƙwayayena ne suka ruɓe, wata kuma ta ce sun ƙare. Don Allah mene ne ma aikin wannan wurin? Shi ne mahaifa? Ina da sauran rabo kuwa?"

Ƙanwata, sannu da haƙuri, Allah ya kawo masu albarka. Kafin komai bari in cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Matar da ƙwayayenta suka ƙare, ba haka hotonta ke fitowa ba. Nata wurin tsukewa yake yi ya ƙanƙance, sai mai hoto ya yi ta juya na'ura kafin ya hango ɗigo ɗaya ko biyu. Ke kuwa an ce miki an gan su birjik, dama da hagu. Abin da maƙwabciyarki ta kira ƙarewa, a idon likita cika ce, har ta so ta yi yawa. Taki damuwar a wani wajen take, kuma ba za ki gane ta ba sai kin san yadda wurin ke aiki idan lafiya lau yake.

Ba shi ne mahaifa ba. A bakinmu na Hausa duk abin da ke marar mace mahaifa ne, har mabiyiyar da ke fita bayan jariri wasu mahaifa suke ce mata, shi ya sa magana ke cakuɗewa tsakanin likita da wadda ta zo ganinta. Ni kan juya bayan kati in zana. Mahaifa jaka ce ta tsoka a tsakiyar mara, kusan girman dunƙulen hannunki idan babu ciki, ita ce ɗakin da jariri ke kwana wata tara. Daga kafaɗunta biyu bututu ya miƙe, ɗaya dama ɗaya hagu, tsawon kowanne wajen santimita 10. Kusa da bakin kowane bututu ma'ajiyar ƙwai take, girmanta kamar dabino mai tsoka, santimita 3 zuwa 4. Ba a ɗinke take da bututun ba. Bakin bututun yana da geza kamar yatsu, idan ƙwai ya fito sai gezar ta sharo shi ta shigar da shi. Don haka ƙarin nan da ake kira faiburoid, wanda ya addabi matanmu, a jikin mahaifa yake tsirowa, toshewar hanya kuma ta bututu ce, naki kuwa maganar ma'ajiya ce. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Aiki biyu ma'ajiyar ke yi. Wanda kowa ya sani shi ne ajiye ƙwai da sakinsa. Ki ɗauke ta kamar rumbun da aka cika sau ɗaya tak aka liƙe, ba a ƙara zuba masa ko tsaba. Tun 'ya mace tana wata biyar a cikin uwarta ƙwayayenta ke kaiwa ƙololuwa, miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta sun sauko zuwa miliyan 1 ko 2. Lokacin da za ta fara ganin jini, abin da ya rage yana tsakanin 300,000 da 400,000. Duk tsawon rayuwarta kuwa waɗanda za su nuna su fito ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran narkewa suke yi a hankali a cikin rumbun, ko tana da aure ko ba ta da shi, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana kan maganin tazarar haihuwa. Wannan maganin ba ya cinye ƙwai kamar yadda ake yaɗawa a gidajen biki, ba ya kuma adana su. Har yau idan na tuna wani abu sai in ce Allahu Akbar: ƙwan da aka halicce ki da shi, an ƙera shi ne tun mahaifiyarki tana cikin kakarki. Namiji ba haka yake ba, shi kullum sabo yake ƙerawa, kowane rukuni yana ɗaukar wata biyu da rabi kafin ya ƙosa.

To me ke sa ɗaya ya nuna a kowane wata? Umarnin daga sama yake saukowa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu da bai fi ƙwayar wake ba, shi ke aika saƙo ta cikin jini. Saƙonnin nan sinadarai ne guda biyu, za ki gan su a takardar gwaji da haruffan FSH da LH. Daga ranar da jinin al'ada ya fara zuba, wadda ita muke ƙirgawa rana ta ɗaya, FSH yake ƙwanƙwasa ƙofar rumbu. Sai wasu ƙwayaye, kamar goma zuwa ashirin, su fara girma tare, kowanne a cikin 'yar jakarsa ta ruwa. Kin san yadda danfo ke lodi a Oshodi ko Iyana-Ipaja idan akwai tsari: mota ɗaya ce a kan layi, ita ke kwashe fasinja ta cika ta tashi. Haka ɗaya daga cikin jakunkunan nan ke shige gaba wajen kwana na bakwai, ta kwashe saƙon, sauran su yi yaushi su ɓace. Wadda ta yi gaba takan kai milimita 18 zuwa 24 kafin ta fashe.

Shi kansa ƙwan da ke ciki kashi ɗaya ne cikin goma na milimita, kamar ɗigon da bakin allura zai yi a takarda. Na'urar hoto ba ta ganin sa, jakar take gani. Kada ki ga laifin maƙwabtanki da yawa a nan, don masana ma sun yi wannan tuntuɓen. A 1672 wani likita ɗan ƙasar Holan, Reinier de Graaf, ya bayyana waɗannan jakunkuna ya ɗauka su ne ƙwan. Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya ga ainihin ƙwan a cikin jakar, a jikin karya ma ya fara ganin sa. Shekara 155 ke nan ana ɗaukar buhu a matsayin hatsi.

Ita wannan jaka mai girma ba zaman banza take yi ba, tana zuba wani sinadari a jini, istirojin. Shi ke gaya wa mahaifa ta fara sabuwar shimfiɗa bayan wadda ta zube. Shi ke sa ruwan gaban mace ya canza, ya yi fari tas, ya yi yauƙi kamar kuɓewa ko farin ɗanyen ƙwai, ki ja shi tsakanin yatsu bai tsinke ba. Nan zan ɗan tsaya, don abin yana ci mini rai. Mata nawa ne ke ganin wannan ruwan su ce sanyi ya kama su, su ruga kemis a haɗa musu kafso da matsi, wasu su yi ta tsarki da ruwan zafi da gishiri da su bagaruwa don ya bushe? Wannan ruwan shi ne hanyar da maniyyi ke iyo ya hau. Idan babu ƙaiƙayi, babu wari, babu ciwon mara mai zafi, launinsa bai koma rawaya ko kore ba, to albishir ne, ba ciwo ba ne.

Idan istirojin ya kai wani matsayi sai ƙwaƙwalwa ta saki LH da yawa lokaci guda. Awa 24 zuwa 36 bayan haka jakar ke fashewa, ƙwai ya fito. Wasu matan kan ji ɗan tsunguli a gefe ɗaya na mara ranar. Ba dole ba ne dama da hagu su riƙa karɓa-karɓa, duk wadda tata jakar ta riga ita ke saki, shi ya sa matar da aka cire wa ɗaya take ci gaba da al'ada duk wata tana haihuwarta da ɗayar. Ƙwan nan ransa gajere ne, awa 12 zuwa 24. Maniyyi kuwa yakan yi har kwana biyar a raye a jikin mace idan ya samu wancan ruwa mai yauƙi. Idan kika haɗa, kwana shida ne kacal a wata ƙofar ke buɗe: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. A cikin bututu suke haɗuwa, ba a mahaifa ba, sannan abin da aka samu ya gangaro a hankali, ya maƙale a shimfiɗar mahaifa bayan kwana shida zuwa goma.

Bayan fashewa jakar ba ta mutu ba tukuna. Takan tattare ta zama wani ƙullutu mai launin rawaya, ta koma zuba sinadari na biyu, furojestaron. Aikinsa riƙe shimfiɗar da istirojin ya yi, ya tausasa ta, ya cika ta da abinci. Shi ke sa nono ya yi nauyi, jiki ya ɗan ƙara ɗumi, wasu su yi ta jin haushi babu dalili kafin al'ada. Wa'adin ƙullutun nan kwana 14 ne ko kusa da haka. Idan ciki ya shiga, ɗan tayin yana aiko masa saƙo cewa kada ya sauka, kuma wannan saƙon ne tsinken gwajin fitsari ke kamawa ya nuna layi biyu. Sai ya ci gaba da riƙon cikin har wajen mako na goma, lokacin da mabiyiya ta yi ƙarfin karɓar aikin. Idan ba a samu ciki ba sai ya bushe, furojestaron ya faɗi, shimfiɗa ta rasa mai riƙe ta, ta zubo. Ita ce al'ada. Ba dattin jiki ba ne, ba kuma ƙwan da ya fashe ba ne ke zuba.

Daga nan za ki ga kuskuren da manhajojin waya ke jefa mata a ciki, masu cewa kowa ranar 14 take sakin ƙwai. Lissafin daga baya ake yin sa. Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa. Mai zagayen kwana 28, wato daga farkon wannan al'ada zuwa farkon ta gaba, ranar 14 ce. Mai kwana 35, wajen ranar 21 ce. Duk zagayen da ke tsakanin kwana 21 da 35 lafiyayye ne, in dai yana zuwa a kan tsari.

Yanzu mu dawo kanki. Kwana 45, wata biyu, ba tsari. Abin da jikinki ke faɗa shi ne ba kowane wata ƙwai ke fita ba. Koma tashar nan ta ɗazu, ki ce yau babu mai tsara layi. Motoci ashirin sun buɗe ƙofa lokaci ɗaya, kowane kwandasta yana ihu, kowace mota ta samu fasinja uku ko huɗu, babu wadda ta cika, babu wadda ta tashi. Waɗannan motocin da suka yi cirko-cirko su ne mai hoto ya gani, ƙananan jakunkuna masu milimita 2 zuwa 9, sau da yawa a jere a gefen ma'ajiyar kamar carbi. Kalmar ƙurji ita ta tsorata ki, kuma ba ta dace ba. Babu mugunya a cikinsu, ba ruɓa ba ce, ba daji ba ne, ba a yin tiyata a cire su. Kowace jaka da ƙwanta a ciki, bai dai samu ya ƙosa ba.

Likitoci suna rubuta wannan yanayin da haruffa huɗu, PCOS. Wasu likitoci biyu a Cikago ta Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana shi a 1935, kuma ba baƙon abu ba ne, kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da shi. Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, don akwai 'yan mata da yawa masu irin wannan hoton da al'adarsu ke zuwa daidai, suna haihuwa lafiya. Ƙa'idar da aka tsayar a taron likitoci na birnin Rotadam a 2003 ita ce a samu biyu cikin alamomi uku: al'ada mara tsari, alamar sinadarin maza ya yi yawa, da wannan hoton. Ke kin kawo biyu. Ta sinadarin mazan ce ba ki ambata ba, amma ki duba: gashi a haɓa ko ƙirji ko ƙasan cibiya, ƙurajen fuska da suka ƙi jin magani, gashin tsakiyar kai yana raguwa. Kada ki yi mamakin jin sinadarin maza a jikin mace, kowace ma'ajiya tana yin ɗan kaɗan, daga shi ma ake sarrafa istirojin. Yawansa ne ke hana jaka ɗaya shigewa gaba.

Kafin a liƙa miki sunan, dole a gwada jini a kawar da wasu abubuwa biyu masu kama da shi. Ɗaya ƙullutun wuya ne, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, idan aikinsa ya yi ƙasa ko ya yi sama yana rikita al'ada. Ɗayan sinadarin nono ne, furolaktin. Shi ke sa mai shayarwa ta daɗe ba ta ga jini ba, kuma yakan hau a jikin wadda ba ta shayarwa, har ta matsa nono ta ga ruwa. Duka biyun da ƙwayar magani ake gyara su, ƙwai ya dawo fita.

Akwai abin da ke ƙarƙashin PCOS a jikin mata da yawa wanda ba a cika yi musu bayaninsa ba, shi ne insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Idan jiki ya daina jin maganarsa da sauri sai a riƙa zubo shi da yawa, yawansa kuma yana zuga ma'ajiya ta ƙara yin sinadarin maza. Alamarsa a fata ita ce baƙi mai laushi a bayan wuya da hammata da matsematsi. Na sha ganin wuyan da aka dirje da soso har ya yi rauni, ko aka shafe da man bilicin, a zaton dauɗa ce. Ba dauɗa ba ce, saƙo ne daga ciki. Shi ya sa mai wannan yanayin take bukatar a riƙa duba sukarinta da hawan jininta, ko bayan ta gama haihuwa.

Idan kina da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki kan isa ya dawo da al'ada a kan tsari ga mata da yawa. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan, ba wai ki koma kamar sanda ba. Na san zaman Legas. Burodin Agege mai laushi da shayi mai kauri da safe, taliyar yara da rana don ita ce mai sauri, shinkafa da dare, lemon kwalba mai sanyi saboda zafi, ga mace a ɗaki ɗaya ba inda take zuwa, in za ta fita ma Keke Napep ne har ƙofa. Ba na cewa ki bar tuwo. Ki rage malmala, ki ƙara miya da ganye, wake, ƙwai, kifi, zogale da rama, ki bar lemon kwalba da sukarin kunu, ki samu tafiyar ƙafa ta minti talatin yawancin kwanakin mako. Idan kuma ba ki da jiki, kada wani ya sa ki yunwa, akwai sirara masu PCOS, su maganinsu ba a sikeli yake ba.

Sai maganin sa ƙwai ya fita. Wanda aka fi farawa da shi yanzu shi ne letirozol, ƙwaya ce ta kwana biyar a farkon zagaye. Akwai tsohon da aka fi sani, kulomifin, wanda mata ke kira Clomid, wani lokaci a haɗa da metfomin saboda insulin. Dabarar letirozol da kulomifin ɗaya ce, su sa ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfin FSH har mota ɗaya ta cika. Mafi yawan masu irin yanayinki suna sakin ƙwai da waɗannan magungunan. Amma ana bin su da hoto, a ga jaka nawa ta taso, ta kai milimita nawa, a gaya muku ranakun da za ku kusanci juna. A tabbatar ƙwan ya fita kuma da gwajin furojestaron kwana bakwai kafin ranar da ake sa ran jini.

Abin da nake roƙon ki kada ki yi shi ne sayen Clomid a kemis don wata ta sha ta samu. Yanzu har yayi ake yi, wai a sha a samu tagwaye. Gaskiya ne idan ƙwai biyu suka fita a wata ɗaya kowanne ya samu nasa maniyyin, su ne Hassan da Husainin da ba su kama, kuma maƙwabtanmu Yarbawa Allah ya yi musu baiwar wannan, garin Igbo-Ora a jihar Oyo har suna ya yi a kai. Amma tilasta wa jiki da magani wani abu ne daban. Ma'ajiya mai jakunkuna da yawa irin taki tana iya zabura ta kumbura, ciki ya tara ruwa, a kwana a asibiti. Cikin 'yan uku ko huɗu kuma ba abin wasa ba ne, bakwaini da hawan jini da jijjiga suna biye da shi. Ba a kuma shan maganin wata da watanni babu iyaka, yawanci zagaye shida ne a sake shawara. Haka zancen jiƙe-jiƙen agbo da ake yawo da su a robobi da haɗe-haɗen matsi na masu kayan mata. Ma'ajiyar ƙwai tana can cikin mara, babu abin da za a cusa ta gaba ya je ya wanke ta, sai dai ya ƙona hanya ya bar tabo.

Kafin ma a ba ki ƙwaya ta farko, likitan kirki zai nemi abu biyu. Zai so ya san bututunki a buɗe suke, da wani hoto da ake zuba ruwa ta bakin mahaifa a ga ko ya wuce, don babu amfanin cika mota idan gada ta karye. Zai kuma nemi a gwada maniyyin maigida. Nan ne ake samun turjiya, kuma ina so ki karanta masa wannan wurin cikin ladabi. Malam, a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai rabon namiji a cikin dalilin. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyin maniyyinsa daban, ko da ya taɓa haihuwa a baya. Gwajin nan babu allura babu zafi, haƙurin kwana biyu zuwa bakwai ne kawai kafin a bayar, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mace araha. Ba adalci ba ne a yi shekara ana ɗura wa baiwar Allah magani, a ƙarshe a gano ba ita kaɗai ba ce. Tun da muna kan maganar, ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, maniyyi ne ke ɗauke da abin da ke sa a samu namiji ko mace, da ikon Allah. Masu gorin haihuwar 'ya'ya mata su san inda za su kai ƙorafinsu.

Wani abu kuma da ya shafe ki ko da ba haihuwa kike nema ba. Watan da ƙwai bai fita ba, babu wancan ƙullutu mai rawaya, babu furojestaron. Istirojin shi kaɗai yake ta ƙara wa shimfiɗa kauri babu mai tsayar da shi, har ta yi nauyi ta fara zubowa da kanta. Shi ya sa irinku kan yi wata biyu shiru, sannan jini ya ɓalle da guda-guda ya yi mako biyu ko uku, mace ta rasa ta yi salla ko ta bari. Hukuncin haila da jinin ciwo na malamai ne, ki tambaye su. Amma jinin da ya wuce kwana takwas na likita ne, haka ma shirun da ya wuce wata uku babu ciki. Shimfiɗar da aka bari tana kauri shekara da shekaru tana iya rikiɗewa ta zama mugun abu, kuma ƙwayar furojestaron ta 'yan kwanaki ta isa ta zubar da ita.

Aikin ma'ajiya na biyu, wato zuba sinadarai, ya wuce maganar ciki. Istirojin ne ya fito miki da ƙirji, ya buɗa ƙugu, shi ke riƙe ƙarfin ƙashi da laushin fata da ni'imar gaba. Matar da aka cire wa mahaifa aka bar mata ma'ajiya ba za ta ƙara ganin jini ba, amma jikinta na nan yadda yake. Wadda aka cire wa ma'ajiya duka biyu kuwa, cikin kwanaki za ta fara jin zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare. Abin da ke faruwa ke nan a hankali idan rumbu ya zo ƙarshe da kansa, tsakanin shekara 45 da 55, lokacin da saura kamar dubu ɗaya. Wannan ita ce ƙarewar ƙwai ta gaskiya. Takan zo wa mace ɗaya cikin ɗari kafin shekara 40, kuma gwajinta FSH ne ya yi sama sosai, ƙwaƙwalwa tana ta ƙwala kira babu mai amsawa. Ingancin ƙwai ma yana sauka da shekaru, saukar tana ƙara sauri bayan 35. Ke kina 26, lokaci yana hannunki, amma shekara biyu da rabi ta isa jira, tun da ƙa'ida ita ce a nemi likita bayan shekara ɗaya, mai sama da 35 kuma bayan wata shida.

Kada ki haɗa naki da sauran ƙulle-ƙullen da kan fito a ma'ajiya. Akwai jaka guda mai girma da kan tsaya ba ta fashe ba, yawancinta takan baje da kanta cikin wata biyu ko uku. Akwai mai tara tsohon jini, mai zuwa da azabar ciwon mara lokacin al'ada. Akwai wata ma da idan aka fasa ta bayan tiyata sai a tarar da gashi da maiƙo, wani lokaci har haƙori, dangi su ce jifa ne. Ba jifa ba ne, ƙwayar halittar ƙwai ce ta tsiro ba bisa hanya ba. Abin da ba a kwana da shi a gida shi ne ciwo mai tsanani da ya sauko farat ɗaya a gefe guda na mara, da amai, ko da jiri da suma bayan ɓatan wata. Na farko yana iya zama ma'ajiya ce ta murɗe jini ya daina isa gare ta, na biyu ciki ne ya zauna a bututu ya fashe. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

Idan ƙwayoyi ba su yi ba akwai allurai, akwai kuma haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, aikin da aka fara samun jaririya da shi a Ingila a 1978, kuma tun shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara shi a nan Idi-Araba. Ban kawo shi don ina ganin za ki kai can ba, yawancin masu irin labarinki ba su kaiwa.

Ki nemi ɓangaren likitocin mata a babban asibitin gwamnati mafi kusa da ke, na Orile-Agege ko na Ifako-Ijaiye, idan abin ya bukaci gaba su za su tura ki asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba. Ki tafi da takardar hoton nan, da kwalayen duk abin da kika taɓa sha, na asibiti da na gargajiya, kada ki ɓoye ko ɗaya. Daga yau ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, da ranakun da kika ga ruwan nan mai yauƙi. Ki fara shan folik asid, maikurogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga, don a makonnin farko yake kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri. Wasu gwaje-gwajen jinin a rana ta biyu ko ta uku da fara al'ada ake ɗibar su, saboda haka idan jinin ya zo kafin ranar da aka ba ki, ki koma ki sanar da su. Ku fita tare da maigida bayan asuba, kafin hanya ta cushe kati ya ƙare.